Yadda za a rage wa yaro zafi da firgici a gwajin jijiya da tsoka

Iyaye da dama sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: shin gwajin jijiya da tsoka yana da zafi ga yaro, kuma yaya za a rage masa? Likita a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, ya rubuta wa yaro gwaji, a takardar an sa NCS ko EMG, sai wani a layin kati ya ce musu ai shokin ake yi wa yaro, sannan a soka masa allurai. Daga nan hankali ya tashi, har wasu su ninke takardar su ajiye a ƙarƙashin katifa.

Gwajin kashi biyu ne. A NCS, wato gwajin jijiya, ana manna ƙananan faifai a fata, a ɗora wani abu mai baki biyu a kan hanyar jijiya, a saki lantarki ɗan kaɗan wanda tsawonsa bai wuce kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, na'ura ta auna saurin saƙon. A EMG kuma, wato gwajin tsoka, siririyar allura ake sa wa cikin tsoka don a saurari aikinta. Ba a zuba magani da ita, ba a ɗibar jini, lantarki ma ba ya bi ta cikinta. Duka biyun kan ɗauki minti 30 zuwa awa 1. Akan nemi gwajin ga jaririn da hannunsa ya saki bayan haihuwa mai wuya, ko yaron da ƙafarsa ta fara ja bayan allurar ɗuwawu, ko wanda ke yawan faɗuwa yana dafa gwiwa kafin ya miƙe.

Akwai zafi, amma gajere ne. Abin da ke mai da shi babba tsoro ne da danniya, kuma mafi yawan aikin rage shi ana gama shi ne kafin a shiga ɗakin gwajin. Ga yadda ake bi.

1. Ranar da aka rubuta gwajin

Kada ku tashi daga gaban likita sai kun san abubuwa huɗu: kashi ɗaya za a yi ko duka biyun, wace gaɓa za a gwada, a ina na'urar take, kuma wanda zai yi gwajin ya saba da yara ko a'a. Ba kowane yaro ke buƙatar allura ba, wasu tambayoyin lantarkin kaɗai ke amsa su. Tambayar ba raini ba ce. Ku ce, "Likita, don Allah wurare nawa za a soka, kuma za a bari a shafa masa man kashe zafi?" Idan ya amince, ku roƙe shi ya zana muku wuraren da biro a jikin yaron, ku ɗauki hoto da waya.

Gargaɗi kan lokaci: idan rauni ne jijiya ta samu, misali bayan allura, alamun da ake nema a tsoka ba sa bayyana sosai sai bayan kamar mako 3. Wanda ya matsa a yi gwajin a makon farko yana iya biyan kuɗi sau biyu, yaro ya sha wahala sau biyu. Amma kasalar da ta zo farat ɗaya, ta fara daga ƙafa tana hawa sama, ko yaro ya fara shaƙewa da ruwa, wannan ba ta jiran ranar gwaji. Sashen gaggawa na yara za a nufa a ranar.

Idan an kuma rubuta gwajin jini na CK, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsoka ta samu illa, a ɗebi jinin kafin EMG, don sokar tsoka na iya ɗaga sakamakon kaɗan.

2. Abin da dole likita ya sani

Ku faɗa ko ba a tambaye ku ba: idan jinin yaro ba ya tsayawa da wuri, ko a danginku akwai mai irin haka, idan yana da sikila, farfaɗiya, ciwon zuciya ko wata na'ura da aka dasa masa, idan yana da ƙuraje ko gyambo a gaɓar da za a gwada, idan ya taɓa kumbura bayan allurar kashe zafi a wurin likitan haƙori ko wurin kaciya. Ku zo da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya.

Abu biyu ne aka fi mantawa da su. Na farko ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan, ya kuma fi kama yara maza. Idan yaro ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko ya taɓa fitsari mai duhu bayan shan wani magani, ku ambata. Na biyu magungunan da ke ɗauke da salfa, irin su Septrin da Fansidar, da kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a damina. Iyaye ba sa lissafa wannan a cikin magunguna saboda kyauta aka kawo shi har ƙofar gida, alhali yana da ruwa da tsaki a batun man kashe zafi da za mu zo kansa.

Kada ku dakatar da wani magani da kanku. Akwai wanda likita kan ce a jinkirta safiyar gwaji, amma daga bakinsa za ku ji.

3. Maganar maganin barci

Wannan ita ce buƙatar da iyaye suka fi zuwa da ita: a sa shi barci kawai a huta. A ganina a bar ta a matsayin mafita ta ƙarshe. A kashin allura ana so yaro ya motsa gaɓar don a ga yadda tsoka ke aiki, wanda ya yi barci mai nauyi kuwa ba zai motsa ba, sai a samu rabin amsa. Ban da haka, yaran da ake zargin suna da ciwon tsoka su ne maganin barci ya fi yi wa haɗari, domin tsokar numfashinsu na iya zama mai rauni, wasu magungunan sa barci kuma ba sa jituwa da irin cutarsu ko kaɗan.

Duk da haka akwai yaran da sai da shi, musamman 'yan shekara 1 zuwa 4 da ba sa jin lallashi, ko idan gwajin mai tsawo ne. Idan likita ya yanke haka, a yi a inda akwai iskar oksijin da na'urar lura da numfashi da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Za a sa yaro azumi, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci ko madarar gwangwani, awa 4 ba nonon uwa, awa 2 ba ruwa. Koko da kunu abinci ne, ba ruwa ba. Idan kaka ta tausaya ta ba shi wani abu a hanya, ku faɗi gaskiya, gara a ɗage gwajin da yaro ya yi amai yana barci.

Gargaɗi mai ƙarfi: kada a biya kemis a sayi Piriton, Phenergan, diazepam, tramadol ko maganin tari don yaro ya yi laushi kafin a iso. Wasu yaran ma birkicewa suke ƙara yi, idan kuma aka ƙara maganin asibiti a kan wanda ba a san an sha ba, numfashi na iya tsayawa.

4. Kuɗi

Ku tambayi farashin gwajin a wurin biyan kuɗi tun ranar farko, ku tabbatar ko kuɗin ya haɗa da allurar, domin allurar EMG sau ɗaya ake amfani da ita, wani wurin daban ake lissafa ta. Sai kuɗin man kashe zafi, wanda ƙaramin bututu mai giram 5 ya ishi yawancin yara, da filasta, da kuɗin mota. Maganin barci lissafinsa daban. Masu inshorar lafiya ta NHIA ko KADCHMA su je teburin inshora kafin ranar, don gwaji irin wannan yakan buƙaci a nemo amincewa tukuna. Kwana guda kafin ranar ku kira ko ku aika wani ya tabbatar na'urar na aiki kuma mai gwajin yana nan. Haka ma idan wani gari aka tura ku, kada ku hau mota da yaro sai kun ji daga can.

5. Shirya yaron da baki

Yaron da ya kai shekara 6 zuwa sama a gaya masa kwana biyu ko uku kafin ranar. Ƙarami kuwa, daren ranar ko safiyar ta wadatar, in an faɗa da wuri sai ya yi ta juyawa a ransa.

A faɗi gaskiya a taƙaice. Uwa na iya cewa, "Gobe za mu je likita ya duba ƙarfin ƙafarka. Zai ɗora wani abu, za ka ji tas kamar an ja robar ɗaure kuɗi an sake maka, ƙafar ta yi tsalle da kanta. Ina riƙe da kai har a gama." Ku ma gwada masa da robar a hankali a hannunku, sannan a nasa, ya san iyakar abin. Batun allura kuma a ce siririya ce, zai ji tsini, za a shafa mai don ya ragu.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne "ba zafi, wallahi ba abin da za a yi maka". Da ya ji na farko ya gane an yaudare shi, duk abin da kuka faɗa bayan nan ba zai shiga ba. Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne al'adarmu ta razana yara da asibiti, "in ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura". A hana yayye da 'yan gida wannan zancen gaba ɗaya a makon. Kada kuma a matsa wa namiji da "namiji ba ya kuka". A ce masa yana iya kuka, aikinsa ɗaya ne, ya bar ƙafar a inda aka ajiye ta.

6. Safiyar gwaji

A yi masa wanka da sabulu, kada a shafa komai: ba basilin, ba man kaɗanya, ba man zaitun, ba hoda. Na san a hunturun Zariya barin yaro ba mai kamar zalunci ne, amma mai yana hana faifan mannewa, sai a yi ta gogewa ana maimaitawa, kowane maimaici kuma ƙarin shokin ne. Ku sa man a jaka, ku shafa bayan an fito.

Ɗumi ma haka. Jijiya mai sanyi saƙonta na tafiya a hankali, har lafiyayya ta yi kama da mai ciwo, shi ya sa ake so fatar hannu ta kai wajen digiri 32. Wanda ya taso daga Tudun Wada ko cikin birni da sassafe, ya bi ta Kwangila da Samaru a Keke Napep iska na dukansa, zai isa Shika da yatsu kamar ba jini. A sa masa safa da rigar sanyi, a lulluɓe shi da zani. Don haka ne kuma ba a ɗora ƙanƙara a wurin da sunan kashe zafi, balle ga mai sikila.

Tufafi masu faɗi, gajeren wando a ciki. A cire awarwaro da zobe da duk wani abu da ke ɗaure a gaɓar. In ba za a ba da maganin barci ba, ya ci abincinsa yadda ya saba, yaro mai yunwa ba ya lallasuwa. Ya kuma yi fitsari kafin a kira ku.

7. Shafa man kashe zafi

Wanda aka fi sani shi ne EMLA, haɗin lidocaine da prilocaine, kowanne kashi 2.5 cikin 100. Akwai masu irin wannan haɗin da wasu sunaye, ku sayi mai lambar NAFDAC a famasi, ku duba ranar lalacewa.

Ana shafa shi awa 1 cif kafin allura, a wuraren da likita ya zana kawai. A matso shi ya yi tudu a kan fata, kada a murza shi ya shige. A rufe da filasta marar huda, in babu a yanko leda mai tsabta a ɗora a kama gefunanta da filasta. A rubuta lokacin a kai. Da yake layi ba ya da tabbas, ya fi kyau ku isa da wuri, ku tambayi nas, "Sista, yaushe kike ganin za a kira mu?" sannan ku shafa a can. Minti 15 ba ya yin komai, asarar mai ce kawai.

Jaririn da bai kai wata 3 ba, kada a wuce giram 1, kada kuma man ya wuce awa 1 a jikinsa. Daga wata 3 zuwa shekara 1, giram 2 ne iyaka. Manya daga nan likita zai faɗi adadin. Ba a shafa wa bakwaini sai da izinin likita, ba a sa shi a kan rauni ko ƙuraje, ba a kai shi kusa da ido ko baki, a kuma lura kada yaro ya ɓare filastar ya lasa. Yaron da bai kai shekara 1 ba kuma yana kan maganin salfa ko wasu magungunan farfaɗiya, da mai ƙarancin G6PD, kada a shafa musu sai likita ya ce. Dalili shi ne prilocaine na iya hana jini ɗaukar oksijin. Alamar ita ce leɓe da harshe da farce su koma toka-toka ko shuɗi, yaro ya yi laushi. In an ga haka a goge man nan take a kira ma'aikaci.

Ku san iyakarsa don kada ku yi wa yaro alkawarin da ba zai cika ba. Fata kawai yake kashewa, zurfin 'yan milimita. Tsinin shigar allura zai ragu sosai, amma zai ji nauyi a cikin tsoka, kuma bai hana jin lantarkin ba.

8. Zama da riƙo

Mutum ɗaya ya shiga da yaro, wanda ya fi natsuwa a cikinku, ko da ba uwar ba ce. Wanda jikinsa ke rawa ya jira a waje, yara suna karanta fuska.

Ku nemi a bar shi a zaune a cinyarku maimakon a kwantar da shi. Ƙarami ya fuskance ku, ƙirji da ƙirji, ƙafafunsa a gefenku, gaɓar da za a gwada ta fito waje. Babba ya jingina bayansa da ƙirjinku. Riƙon runguma ne, hannu ɗaya ya zagaye jiki, ɗayan ya tallafi gaɓar. Mutum huɗu su taru su danne yaro a gado shi ne abin da ke barin tabo a zuciya, tsokar da ke fama da danniya kuma tana cika na'ura da hayaniyar da ba a iya karantawa.

Jariri kuma a sa shi a nono kamar minti 2 kafin a fara, ya ci gaba da sha ana yi, in mai gwajin ya ga zaman ya yi masa. In ba a shayarwa, ruwan sukari na taimakawa: ƙaramin cokali 1 na sukari a ƙaramin cokali 2 na tafasasshen ruwa da ya huce, a ɗiga kaɗan a kan harshe minti 2 kafin a fara. Gargaɗi: ba a ba wanda bai kai shekara 1 ba zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ita kanta ke sa jariri ya saki jiki. Jaririn da dama yake shaƙewa in yana tsotso, a tambayi likita kafin a sa masa komai a baki.

9. Kashin lantarki

Ku roƙi mai gwajin ya fara a hannunku yaro na kallo, sannan ya fara wa yaron da mafi ƙanƙantar ƙarfi yana ƙarawa a hankali. A ba yaron zaɓi na gaskiya: wace ƙafa za a fara, zai kalla ko zai juya kai, shi zai ƙirga ko Umma. Kada a tambaye shi ko ya yarda a fara, tunda a'a ba ta cikin zaɓin.

A fara ɗauke masa hankali kafin na farko, ba bayan ya fara kuka ba. Ƙanana suna bin kumfar sabulu da ake hurawa, ko bidiyo a waya. A sauke bidiyon tun daga gida, kada a jona wayar a caji a ɗakin, don yana iya shiga sakamakon na'ura. 'Yan makaranta kuma abin da ke sa su magana ya fi aiki: tatsuniyar Gizo da za ku tsaya a tsakiya ya ƙarasa, karatun surar da ya haddace, ko lissafa 'yan ƙwallon ƙungiyarsa. Hura balan-balan ko hura iska a hankali daidai lokacin da za a saki lantarkin yana sassauta jiki.

Murya ɗaya ta yi magana. Ku kuma rage "sannu, yi haƙuri, sannu, an kusa", domin yawan jera su yana nuna wa yaro cewa ku ma kun tsorata. Ku yaba abin da ya yi: "Ka ga yadda ka riƙe ƙafar nan, haka ake so."

10. Kashin allura

Ku ga an ɓare sabuwar allura a gabanku. A goge man, a tsabtace fata. Na'urar za ta fara ƙara ƙaf-ƙaf da zarar tsoka ta motsa, ku gaya wa yaro tun kafin nan cewa muryar tsokarsa ce, yara da yawa suna shagala da sa ta ƙara da ragewa. Za a ce ya saki jiki, sannan ya ɗan tura ko ya ja. Jariri kuma akan yi masa cakulkuli a tafin ƙafa ya janye da kansa.

Sakin jiki shi ne ke rage zafin a nan, allura a cikin tsokar da aka ƙanƙame ta fi ciwo. Ku yarda da wata alama tun farko, kamar ɗaga ɗayan hannun, wadda in ya yi za a dakata na ɗan lokaci, kuma a cika masa alkawarin. Ku roƙi likita ya fara da tsokar da ta fi muhimmanci, ta yadda ko yaro ya gaji a tsakiya an samu abin da aka zo nema. In ya birkice har ba ya jin kowa, ku nemi hutun minti biyar, in bai dawo ba a tsaya a sake shiri.

11. Bayan an fito

Ku cika duk alkawarin da kuka yi, ko na biskit ne. In yana ba da labari a gida ku tuna masa abin da ya yi daidai, domin mai yiwuwa a sake gwajin bayan wasu watanni don a ga ko jijiya na farfaɗowa.

Wurin allura kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da ɗan taruwar jini. Yana iya wanka da wasa da zuwa makaranta. In yana kukan ciwo a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, miligiram 15 a kowane kilo. Yaro mai kilo 12 ke nan zai sha miligiram 180, wato mililita 7.5 na ruwan maganin mai ƙarfin miligiram 120 a mililita 5. Kada a wuce sau 4 a awa 24, kada kuma a ba yaro asfirin. Ba a gasa wurin da ruwan zafi ko a murza shi da man zafi a ranar. Fatar da aka shafa wa man kashe zafi takan yi awa ɗaya ko biyu ba ta ji, a hana shi sosawa.

Wanda aka ba maganin barci ba ya tafiya sai ma'aikata sun sallame shi. A hanya a riƙe shi a hannu fuskarsa a buɗe ana ganinta, kada a goya shi a lulluɓe, kada a hau babur da shi. A fara da ruwa kaɗan-kaɗan kafin abinci.

Ku koma asibiti idan wurin ya kumbura yana ƙaruwa, ya yi zafi ko ya fara ruwa, idan zazzaɓi ya biyo baya, idan jini ya ƙi tsayawa bayan an danna minti 10, ko numfashi ya canza. Takardar sakamako kuma ku yi mata hoto da kwafi biyu, ɗaya na likitan da ya rubuta gwajin, ɗaya na sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi in an tura ku can.